Wa Zai Riƙe Muciyar Alƙali Ekrem?

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba mu aron rai, kuma yake karɓar abinsa a lokacin da ya so. Aminci ya tabbata a gare ku baki ɗaya.

Ina gaida Liman Efendi, wanda ya sallaci mamacinmu, kuma ya buɗe mana zaman yau da karatu. Ina gaida limamin cocin ƙetaren kogi, da ya tako gada da ƙafarsa duk da gwiwar da ke damunsa. Ina gaida shugaban garinmu na Orahovik da 'yan majalisarsa. Ina gaida manyan alƙalai, na babban birni da waɗanda suka keto ƙasashe daga birnin Hague, mazaunin kotun ƙasa da ƙasa, suka ajiye rigunan shari'a suka zauna a kan bencin katako kamar kowa. Sannan ina sunkuyar da kai ga masu gidan: Inna Munevera, mai ɗakin marigayi, Lamija, 'yarsa tilo, lauyar da ta gaji bakin ubanta, da Inna Shefika, matar ƙaninsa Nijaz. Maƙwabta na wannan gaɓa da na waccan, sannunku da zuwa, sannunku da haƙuri.

Ina roƙon gafara bisa wannan kutse da na yi muku. Ni Hazim ne, malamin adabi a makarantar gari. Ba jini ne ya haɗa ni da Alƙali Ekrem Telalović ba, shingen lambu ne. Ban san shari'a ba sai abin da iska ta kwaso mini ta saman shingen nan. A cikin wannan taro akwai masu ilimin da ya kamata in yi shiru a gabansu, akwai kuma masu hawayen da ya kamata in ja da baya in ba su wuri. Amma iyali sun ce in tashi, na kuwa tashi. Marigayi da kansa ya taɓa yanke wa waƙoƙina hukunci. Na karanta masa wata mai tsawo a ƙarƙashin bishiyar tuffa, ya saurara har ƙarshe idonsa a lumshe, sannan ya ce: "Sha'iri, kotu ta lura ka yi da kyakkyawar niyya, wannan dalilin sassauci ne. Amma tsawonta dalilin tsanantawa ne, kuma ba laifinka na farko ba ke nan." Yau zan yi ƙoƙari kada in ƙara wa kaina laifi, ko da yake ban yi alkawari ba.

Kun ga abin da ke kwance a kan teburin nan tsakanin farantan halawa. Muciya ce, doguwa, bakinta ya yi baƙi da daɗewa. Da ita ake tuƙa pekmez ɗin gidan nan duk kaka, in an matse ruwan tuffa an zuba a babban kaskon jan ƙarfe, ana dafawa tun hantsi har ya yi kauri kamar zuma. Shekarun nan na baya mutum ɗaya ne yake riƙe ta, wato Radoje. Kun san shi, kun san abin da ya aikata, kun kuma ga yau babu shi a cikinmu. Bayan jana'iza ya kai muciyar nan wurin limamin coci, ya ce a mayar wa masu ita, domin wanda ya buɗe masa ƙofar lambu ya rasu. Ya tattara ya koma wurin 'yar'uwarsa a wani gari mai nisa. Ga tuffa ta nuna. Magana kuma yanzu ta koma hannun Inna Shefika, domin rabin lambun na mijinta ne, ita ce kuma mafi shekaru a gidan. Ko a kira Radoje, ko a bar shi inda yake har abada.

Tuffa ta nuna, reshe ya sunkuya,
Mai lambu ya tafi bai waiwaya,
Kasko na jiran wuta da muciya,
Wa zai riƙe ta? Ita ce tambaya.

Inna Shefika ta ba ni amsarta, amma da sharaɗi. Ta ce: "Hazim, sai a ƙarshe za ka faɗa. In ka faɗa da farko, wa zai zauna ya ji waƙoƙinka?" To, ku yi haƙuri da ni, umarni nake bi.

Marigayi ya kasance mutum mai dariya. Wannan nake so mu fara tunawa, domin baƙinmu sun san shi cikin baƙar riga da ɗaurarriyar fuska, mu kuwa mun san shi cikin tsohuwar rigar sanyi mai ɓula a gwiwar hannu, yana rera waƙar soyayya da muryar da ke korar kaji daga tsakar gida. Inna Munevera takan leƙo ta taga ta ce: "Ekrem, don Allah ka tausaya wa maƙwabta, ba su yi laifin komai ba." Shi kuwa ya ce: "Mace, ke kika aure ni da muryar nan, lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce." Ya kasance in zai koma bakin aikinsa a ƙasar waje, rabin akwatinsa littattafai, rabi kwalaben pekmez. Abokan aikinsa da ke sahun gaba suna murmushi, domin sun san ba wanda ya shiga ofishinsa ya fita ba tare da an ɗanɗana masa cokali guda ba, ko yana so ko ba ya so.

Ya kasance alƙalin garin nan kafin yaƙi, mai raba rigimar iyakar gona da ta karen da ya ci kazar maƙwabci. Ya kasance ɗan gudun hijira a lokacin yaƙi, yana wanke kwanuka a ƙasar da ba a san shi ba. Bayan yaƙi ya zauna da alƙalan waje a kotun laifukan yaƙi ta babban birni, daga nan aka kira shi kotun ƙasa da ƙasa, ya saurari kukan mutanen da bai taɓa ganin ƙasarsu ba, ya ce mana kukan iri ɗaya ne da namu. Bai taɓa faɗa mana abin da alƙalai suke cewa a bayan ƙofa ba. Amma abin da ya sa ake yanke hukunci, da yadda ake auna shi, wannan kam ya faɗa wa duk wanda ya tsaya, har da wanda bai tambaya ba.

A bakin kaskon nan yake koyarwa. Ɗalibansa na jami'a sukan zo duk kaka, wai su taya aiki, su kuwa ci suke zuwa yi. Yakan tsaya da itace a hannu ya ce musu: "Ku dubi wutar nan. In ta yi kaɗan, ruwan ba zai kama jikinsa ba, kafin tsakiyar hunturu ya yi tsami, a zubar. In ta yi yawa, ya ƙone ya yi ɗaci, ba mai iya ci. Hukunci mai sauƙi fiye da laifi yana tsami a cikin gari, mutane su ce ashe jininmu ba komai ba ne. Hukunci mai nauyi fiye da laifi yana ɗaci, dangin mai laifi su ce ramuwa ce aka sa wa rigar alƙali, su ajiye ta su jira ranarsu." Wata ɗaliba mai kaifin baki ta ce masa: "To Malam, wanda ya kashe mutum ɗari, wace wuta ce daidai da shi?" Ya ce: "Babu, 'yata. Ko ya rayu sau ɗari ba zai biya ba. Shi ya sa ba biya muke nema ba. Muna so a faɗa masa a gaban duniya cewa abin da ya yi ya kai haka nauyi. Muna so a kira sunayen waɗanda ya zalunta a ɗakin da ba mai iya cewa ƙarya ne. Muna so wanda zai riƙe bindiga gobe ya tuna akwai ɗakin nan. Kuma muna so a ɗora laifin a wuyan mutum mai suna, domin a sauke shi daga wuyan kakarsa da jikansa da duk masu zuwa coci ko masallaci ɗaya da shi."

Jama'a, faɗar wannan a gaban ɗalibai abu ne mai sauƙi. Allah ya jarrabi Ekrem da faɗarsa a kan ɗan'uwansa na ciki ɗaya.

Domin baƙinmu zan maimaita abin da mu muka sani. A shekarar farko ta yaƙi an tara mazan wannan gaɓa a tsohon ma'ajin katako, Nijaz yana cikinsu. Radoje, kafinta daga ƙetaren kogi, wanda ya sha cin pekmez a lambun nan, yana cikin masu gadi. Shi ya buɗe ƙofa ranar da motar ta zo, shi ya tura mutane cikinta, ya kuma san inda za ta. Bayan shekaru aka kai shi gaban alƙalan ƙasa da ƙasa. Ba Ekrem ne ya yi shari'ar ba, ba ya ma cikin kotun a lokacin, kuma ba alƙalin da ke zama a kan jinin ƙaninsa. Radoje ya amsa laifinsa. Ya nuna ramin da aka binne su a bayan dutse, aka tono, muka sami abin sallata. Aka yanke masa shekara goma sha biyar.

Ranar da labarin ya iso, gidan gahawa ya ɗauki zafi. Fehim wanzami, ga shi can yana ɓoye fuska, ya tare Ekrem tun daga bakin ƙofa ya ce: "Ranka ya daɗe, abokanka alƙalai sun yi mana rangwame! Ai ɓarawon shanu ma ka taɓa ba shi abin da ya kusa haka." Ekrem ya zauna, ya kurɓi gahawarsa, ya ce: "Fehim, in ka ba mai buɗe ƙofa iyakar abin da ke hannunka, me ka ajiye wa wanda ya aiko motar? In kuma wanda ya nuna kabari da wanda ya ɓoye kabari hukuncinsu ɗaya, wa zai sake nuna mana kabari? Akwai uwayen da har yau ba su sami ko ƙashi ɗaya ba." Fehim ya ce: "Ni dai da reza ce a hannuna." Ekrem ya ce: "Shi ya sa nake zuwa wurinka aski, ba na zuwa shari'a." Aka yi dariya, dariyar da ba ta wuce maƙogwaro ba, amma dai aka yi.

A gida ba a yi dariya ba. Inna Shefika ta same shi a lambu, ina jin su ta shinge. Ta ce: "Yaya, ashe Nijaz shekara goma sha biyar ne nauyinsa?" Ya juyo gare ta. Sannan ya ce: "Shefika, ba Nijaz aka auna ba. Ba ma'aunin da zai ɗauki Nijaz. Radoje aka auna." Ta ce: "To ma'auninku ba nawa ba ne." Ya ce: "Gaskiyarki. Naki daban ne, kuma ba mai ikon taɓa miki shi."

Ya kasance mai cika abin da ya faɗa, ko da abin ya ƙona shi. Radoje ya yi kashi biyu cikin uku na zamansa a wani kurkuku na ƙasar sanyi, aka duba halinsa aka sake shi kamar yadda doka ta tanada. Ya dawo da furfura. A wannan gaɓa ba mai amsa gaisuwarsa saboda abin da ya yi, a waccan gaɓa ba mai amsawa saboda abin da ya faɗa. Da kaka ta zo aka hura wuta, sai ga shi tsaye a bayan shinge, hularsa a hannu. Kun san al'adarmu tun kakanni: duk wanda hayaƙin pekmez ya jawo, ba a tambayarsa ɗan gidan wa ne, muciya ake miƙa masa, in ya tuƙa ya tafi da kwalbarsa. Ekrem yana tuƙi, zufa na zuba, ya ɗaga kai ya ce: "Kai Radoje, hayaƙi ka zo sha ko tsayuwa ka zo koya? Kafaɗata ta gaji. Kama."

Inna Shefika tana zaune a kan kujerarta 'yar tsugunne da farantin gwaji a cinya, domin ita ce mai ɗiga pekmez a kan faranti mai sanyi, ta ja layi da yatsa, in hanyar ba ta rufe ba ta ce a sauke. Ta ajiye farantin a kan kujera, ta kwance gyalen aikinta, ta wuce gida. Tun daga ranar ba ta sake zuwa bakin kasko ba, ba ta kuma sake sa pekmez ɗin gidan nan a bakinta ba.

Na tambaye shi daga baya, na ce: "Maƙwabci, ka yafe masa ke nan?" Ya dube ni kamar na karanta masa wata doguwar waƙa. Ya ce: "Sha'iri, wa ya ce maka na yafe? Duk sanda na ga hannunsa a kan muciya, ƙofar ma'ajin nan nake gani. Ban ce na yafe ba. Na ce ya gama. In hukunci ba shi da ranar ƙarewa, to ƙarya aka yi masa ranar da aka faɗi adadin shekarunsa. Yafiya kuwa ba kayan kotu ba ce. Kotu ba ta da ita, balle ta rabar."

Ya kasance, kuma wannan ne abin da ya fi girma a idona, bai taɓa roƙon Inna Shefika ta dawo ba. Bai aika mata liman ba, bai aika mata matarsa ba, bai yi mata wa'azin haƙuri ba. Duk kaka dai yakan fito da kujerar nan 'yar tsugunne, ya goge ta, ya ɗora farantin a kai. Inna Munevera ta yi gwajin da wani faranti daban. In an gama ya mayar da kujerar ɗaki. Ya ba mai laifi abin da doka ta ce nasa ne, ya bar wa wadda aka zalunta abin da Allah ya ce nata ne, ya tsaya a tsakaninsu da itacen wuta a hannu yana rera waƙarsa mai korar kaji.

Inna Munevera, kin yi zama da mutumin da duniya ta ara daga hannunki sau da yawa, ba ki taɓa hana ta ba. Mun gode miki. Lamija, 'yata, kada ki ce kin zama marainiya a garin da kowane gida ke da kwalbar ubanki a kan kanta. Ranar da za ki tsaya a gaban alƙali ki nemi a tsananta ko a sassauta, ki tuna wutar nan. Inna Shefika, ke kuwa ban da abin da zan faɗa miki, sai dai in faɗi abin da kika faɗa mini.

Na same ta jiya da hantsi tana tuƙa halawar sadakar nan. Ban ko zauna ba ta ce: "Na san abin da ya kawo ka, Hazim, kada ka fara mini da baiti." Na ce: "Inna, tuffa na zuba." Ta ce: "Ina da ido." Ta ci gaba da tuƙi, sannan ta ce:

"Ka gaya wa Radoje ban yafe ba. Kada ya sa rai, wataƙila in mutu ban yafe ba, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Amma alƙalai sun ce ya gama. Yaya ya ce ya gama, shi da suka sha nono ɗaya da Nijaz. Shekara da shekaru Yaya yana goge mini kujera bai ce mini komai ba, ni ma ban ce masa komai ba, yanzu ga shi ya tafi ya bar ni da ita. Ba ni zan ƙara wa Radoje abin da ba a yanke masa ba. Ya zo ya tuƙa. Ni zan zauna a kujerata, farantina a hannuna, ni zan ce a sauke. Kada ya gaishe ni, kada ya dube ni, kasko zai duba. In kuwa ya ƙona mini tuffar Nijaz, zai ga hukuncin da ba a ɗaukaka ƙararsa."

Na ce: "Inna, za ki ci?" Ta ce: "Kai dai ka cika tambaya. Zan ɗanɗana, ai mai gwaji dole ta ɗanɗana."

Ku bar hawayen nan su zuba, na farin ciki ne, Fehim ma na ga yana neman hankici.

Ekrem, ka auna ba ka tauye ba,
Ka ɗaure, amma ba ka binne ba,
Ka buɗe ƙofa ba ka tilasta ba,
Ka tafi, wutarka ba ta mutu ba.

A madadin iyali da mutanen Orahovik ina gode wa duk wanda ya tako, na kusa da na nesa, da matan da suka kwana biyu suna hidimar girki, da waɗanda suka aro mana benci daga masallaci da coci. Ya Allah, bawanka Ekrem ya zo gabanka, Kai ne Alƙalin da ba a ɓoye wa komai. Ya yi wa bayinka awo da tsoronka, Ka yi masa awo da rahamarka. Ka haɗa shi da Nijaz a lambun da ba a tsinke masa 'ya'ya su ƙare. Ka jiƙan waɗanda aka tono da waɗanda har yau ake nema. Ka sanyaya zuciyar Munevera da Lamija da Shefika. Ka kiyaye 'ya'yanmu daga buɗe irin ƙofar nan, Ka kiyaye su daga shiga irin motar nan. Amin.

Za a buga jawabin nan a raba, limamin coci kuma ya ɗauki alkawarin aika kwafi ɗaya inda ya kamata. Saboda haka kalmata ta ƙarshe taka ce, Radoje. Ka ji sharuɗɗa, ba ni na gindaya su ba, ba kuma mai sassauta maka ko ɗaya. Muciya tana nan a hannun Inna Munevera, an fito da kujera, an wanke faranti. Ka rubuto mana da hannunka, ka rubuto da gaggawa, ka faɗi ranar da za ka iso, domin mu san ranar da za mu fasa itace. Tuffa na zuba, kuma Inna Shefika ba ta saba jira ba.